Baban Ashirin a Hanyar Bi'ir Ali

Makon jiya Anas ya sake tayar mini da maganar tsohuwar motar nan da ke ajiye a gindin dabinon ƙofar gida. Ya ce ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, sun fara zagaya unguwar Ƙuba suna liƙa wa irinta takarda, gara mu kira masu tashlih su ja ta su sayar da ƙarfen. Na ce masa a'a, kamar kullum. Ya yi mini irin kallon da likita ke yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, kallon da ni ma na sha yi wa iyayen mutane. Ke kuwa Nafisa, tun rasuwar Ummanku maganarki da ni ba ta wuce gaisuwa da tambayar ko na ɗiga maganin ido. Na san abin da ke ranki. Kina ganin ni na hana a kai ta Jamus, ni da na yi karatu a can, na san likitocinsu, na san harshensu. Kina ganin taurin kaina ne ya hana ta ƙarin kwana. Na daɗe ina so in yi miki bayani, amma bayanin ba ya yiwuwa sai da labarin motar, labarin motar kuwa akwai kunya a cikinsa, irin wadda uba Bahaushe ba ya iya buɗe baki ya faɗa wa 'ya'yansa. To ido ya fara tafiya, kunya kuma ba za ta tsayar mini da shi ba. Da Hausa zan rubuta, don Larabcina na asibiti ne da kasuwa. Inda ya yi muku wuya ku bi a hankali, kada ku kai wa kowa ya fassara muku.

Ina saurayi aka tura ni Jamus in ƙware a aikin sa marasa lafiya barci kafin tiyata. Aikinmu ba na a-zo-a-gani ba ne. Mai wuƙa yana can yana shan yabo, kai kana zaune wajen kan mutum kana sauraron numfashinsa. Na sami ɗaki a gidan wani tsoho mai suna Oto, wanda matarsa ta rasu ta bar shi da kyanwa da ciwon gwiwa. Ranar Lahadi shi ke kaɗa ogan a cocin garin, wata ƙatuwar na'ura mai bututu kamar an jera sarewa daga ƙasa har rufi, ana danna ta da hannu da ƙafa. Ban taɓa shiga ibadarsu ba, shi ma bai taɓa gayyata ta ba. Amma a gida yana da garmaho da tarin faya-fayai, kusan duk na mutum ɗaya, wani makaɗin ƙasarsu da ya mutu tun ba a haifi kakan kakana ba. Lokacin sanyi rana tana faɗuwa tun la'asar, kewar gida ta danne ni, ba ni da wanda zan yi wa Hausa sai madubi. Wata rana ina kan matakala na ji sauti mai kauri yana fitowa daga falonsa. Babban goge ne, irin wanda ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, shi kaɗai, babu ganga babu waƙa. Abin da ya kama ni shi ne kiɗan yana numfashi. Yakan ja, ya riƙe, ya saki, kamar mutumin da tiyatarsa ke tafiya lafiya. Daga ranar na mayar da matakalar nan wurin laɓewa, ina ganin tsohon bai sani ba.

"Dakta, shigo ka zauna," in ji shi wata yamma ta bayan ƙofa. "Matakalar nan ta girme ni, ba za ta iya ɗaukarka kullum ba."

Oto yana ba da labarin makaɗin kamar maƙwabcinsa ne da ya tashi jiya. Maraya ne tun yana ƙarami, yayansa ya riƙe shi. Da ya zama saurayi ya taɓa taka sayyada daga garinsu har wani gari mai nisa don kawai ya ji wani tsohon gwani yana kaɗa ogan, ya kuma zarce hutun da aka ba shi har iyayen gidansa suka yi fushi. Wani basarake ya taɓa kulle shi saboda ya nace sai ya bar masa aiki, abin da ban fahimta sosai ba sai da na zo ƙasar nan na san menene kafili, ubangidan da takardar zaman baƙo ke hannunsa. Yawancin rayuwarsa ya yi ta ne yana koyar da yara masu taurin kai, yana rigima da dattawan gari, yana rubuta sabon kiɗa mako-mako kamar mai dafa tuwon gidan yawa. A ƙarshe idonsa ya mutu bayan wani likitan ido mai yawo gari-gari ya yi masa aiki. Duk sanda Oto ya zo nan sai ya nuna ni da cokalin shayi, wai 'yan uwana ne suka ƙarasa shi. Da zan dawo gida ya juye mini faya-fayan a kaset cike da kwali, ya rubuta wa kowanne suna da rubutunsa mai rawa. Ba mu sake ganin juna ba.

Na dawo Zariya aka yi mini aure da Ummanku, malamar firamare mai kaifin baki da saurin dariya. Ba mu yi wata ba na kunna mata kaset ɗin goge, ina ta hura hanci, wai zan waye da ita. Ta zauna tana tsince shinkafa a faranti, ta saurara, ta saurara.

"Dakta, wai yaushe kiɗan zai fara?"

"Ai ya kusa ƙarewa ma."

"Ikon Allah. To a ina ake yin rawar?"

Don in fanshe mutuncina na shiga ba ta tarihinsa. Ba ta ko ɗago kai ba sai da na ce 'ya'ya ashirin ya haifa, da mata biyu, ɗaya bayan rasuwar ɗaya.

"Ashirin? Ka tabbata Bature ne? Wannan ai ɗan Tudun Wada ne."

Daga ranar ya zama Baban Ashirin. Sunansa na yanka bai taɓa zama a bakinta ba, ni ma ba zan rubuta shi a nan ba, don a gidanmu ba a san shi da shi ba. Sai na gaya mata kusan rabin yaran shi ya binne su da hannunsa suna ƙanana, dariyar ta ragu. Na ƙara da labarin matarsa ta fari: ya raka ubangidansa wata tafiya, ya bar ta lafiya lau, ya dawo ya tarar ta rasu har an rufe ta. Ummanku ta ajiye farantin.

"Ba wanda ya aika masa?"

"Zamanin doki ne, ba waya."

"Wato ya zo ƙofa yana murna, da tsaraba a hannu." Ta nuna kaset ɗin. "Mayar da shi farko in ji."

Na mayar. Wannan karon ba ta taɓa shinkafar ba. Da ya ƙare ta ce yanzu ta ji inda yake masa ciwo. Tun daga nan ta fi ni kunne. Ta ware duk kaset ɗin da ke da muryar mutane ta ce wannan ibadarsu ce, ba ruwanmu, a bar mana wanda babu baki a ciki. Kuma ita ta gano abin da ni da karatuna ban lura da shi ba, cewa mutumin nan ba ya ɓata: duk nisan yawon da kiɗan zai yi, ya hau ya gangara, a ƙarshe sai ya koma daidai inda ya tashi. Ta ce shi ya sa ba ta son a kashe shi a tsakiya, kada a bar bawan Allah a hanya.

Da na sami aiki a wani asibiti a Madina muka taho, tana da cikin Nafisa. Mun fara zama a wani ɗan gida na haya a Al-Ranuna, ba labule, ba kujera, sai katifa da fanka mai kuka. Ran da kayanmu suka iso na zaro kaset na saka. Ko minti bai yi ba ta fito daga kicin ta zare wayar daga bango.

"Haba Dakta. A garin Manzon Allah? Garin da ake rage murya?"

Na ji kunya, kunyar kuma ta koma fushi, kun dai san ni. Na ce shi ke nan, a zubar. Na kinkimi kwalin na dire shi a bakin ƙofa wajen shara. Da safe babu shi. Na wuni a ɗakin tiyata ina tuna rubutun Oto mai rawa. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga ta ta sa abaya, da filas ɗin shayi a hannu, ta ce in tashi in kai ta shan iska. Ita ke nuna hanya. Muka bi titin Makka, muka wuce masallacin Bi'ir Ali inda alhazai ke sauka su ɗaura ihrami, muka wuce babban allon da ke nuna an fita daga haddin Harami. Ta ce in ci gaba. Sai da muka bar wani babban dutse a bayanmu ta sa na sauka gefen titi, ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya a tsakanin baƙaƙen duwatsu. Ta ce in buɗe but ɗin motar. Kwalin yana ciki.

"Yanzu mun fito daga gidan mutane," in ji ta. "Kunna."

Kada ku ɗauki wannan a matsayin fatawa. Babu malamin da ya ba mu ita, kuma na san masu cewa abin bai halatta a ko'ina ba, na ji hujjarsu, ban raina ta ba. Ladabi ne kawai irin na Ummanku, ita ta yanka shi da almakashinta, muka rayu a cikinsa. A cikin haddi ba kiɗa, ko a gida ko a mota. A waje, ranar Alhamis, Baban Ashirin yana da sa'arsa. Ku kun taso kuna ganin tana kashe talabijin da zarar an fara kiɗa, har na taɓa jin Anas yana gaya wa abokinsa wai Umminsa ba ta ƙaunar musiƙa. Na shiga banɗaki na yi dariya har da hawaye. Ranar Alhamis kuwa mukan kai ku gidan maƙwabciyarmu 'yar Sudan, mu ce za mu dubo mara lafiya. Mara lafiyar nan ya yi shekaru bai warke ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayar sunansa a cikinku.

Ina ma in iya nuna muku ita a can. Takan cire takalmi ta naɗe ƙafafu a kujera, ta zuba mana shayi da na'ana'ar Madina, ta ɓare dabino ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Manyan motocin alhazai suna wucewa ta gabanmu cike da mutane fari fat, wani lokaci iska ta kawo mana talbiyyarsu ta haɗu da gogen, sai ta ɗaga yatsa in rage sauti har su wuce. A gida ni Dakta ne, ko Baban Anas. A can ne kaɗai take ce mini Haruna. Ke ma Nafisa, na san abin da ya daɗe yana cin ki. Ƙawayenki Larabawa iyayensu suna ce musu habibti, wato abar ƙaunata, ke uwarki ko sunanki ba ta kira, sai 'yar gidan nan, sai waccan. Kin taɓa tambayata ko kin yi mata wani laifi ne, na ce miki kunyar 'yar fari ce irin ta mutanenmu, kika ce wannan wace irin al'ada ce mara tausayi. To ki sani a ƙarƙashin bishiyar nan ba ta da hira sai taki, kuma da sunanki. Nafisa ta yi haƙori, Nafisa ta sauke izu, Nafisa ta mari wani yaro a makaranta kuma ta yi daidai. Idan kaset ya kai ƙarshe mu juyo, mu tsaya magariba a Bi'ir Ali, mu zo mu ɗauke ku fuskarmu a ɗaure kamar gaske daga asibiti muke.

Shekarar da Nafisa take ajin ƙarshe a karatun likita, Ummanku ta fara ramewa, idonta ya yi rawaya. Ni na fara ganin hoton cikinta kafin likitanta ya kira ni, kuma ban buƙaci bayani ba. Ciwon daji ne, ya riga ya taɓa hanta. Na buga wa wani tsohon abokin karatuna a Jamus, ya ce in kawo ta. Bai ɓoye mini ba: warkewa babu, amma ana iya samun wasu watanni. Ina so ki karanta wannan da kyau, Nafisa. Ni na fara son tafiyar nan, kafin ke. Sai dai asibitinmu ba zai ba ni hutu mai tsawo ba, in na zarce kuma iƙamarmu duka, takardar zamanmu a ƙasar, ta tafi. Shirin shi ne in kai ta in dawo, ke ki ajiye jarrabawarki ki zauna da ita. Har kin sayi rigar sanyi, na ga ledar a ɗakinki. Wata safiya bayan kun fita na kai mata kunu, ta ce in rufe ƙofa.

"Za a warke?"

"Allah ne mai warkarwa."

"Dakta, ba liman na tambaya ba."

"Ba za a warke ba. Amma ana iya samun watanni."

"Kai kana ina a watannin?"

"Zan riƙa zuwa."

"Wato irin ta Baban Ashirin za ka yi mini. Ka sauko daga jirgi da dabino a jaka, a ce maka ai jiya." Ta ture kofin. "A garin nan na haihu, a nan na tsufa, kullum roƙona Allah ya sa a kai ni maƙabartar Baƙi'a. Yanzu da abin ya matso sai in ɗauki ƙafa in tafi ƙasar sanyi? Kuma 'yar gidan nan ba za ta zubar da wahalarta ta je ta zauna gadin mai mutuwa ba."

Na roƙe ta, na kawo mata hujjar likitoci, na kawo ta malamai a kan neman magani. Ta bar ni na gama, sannan ta ɗora mini kayan da har yau suke kaina.

"Ka ce musu kai ne ka ƙi. In suka san ni ce, za su zauna a kaina suna kuka har in yarda, kuma na san zan yarda. Kai ka iya ɗaure fuska."

Kin tuna yammacin da na faɗa muku a falo. Na ce ba inda za a je, na gama magana.

"Lesh, ya Baba? Lesh?" kina ta tambayata dalili, kina cewa ni da nake likita bai halatta in yi haka ba. "Inta daktor! Haram alaik!"

Na ce na gama magana. Ke da tun kina ƙarama ake miki Hausa kina amsawa da Larabci, ranar kika nemo Hausa tsantsa, ba gargada.

"Baba, in ta mutu ba zan yafe maka ba."

Kika buga ƙofa. Na shiga ɗaki na tarar da Ummanku ta cusa bakin mayafi a baki don kada ku ji kukanta. Ba zan yi miki ƙarya ba, watannin nan da abokina ya ambata ni ma na so su, har yau ina son su. Ban san ko da an same su ba. Abin da na sani shi ne nata ne, ba nawa ba, ba naki ba, kuma ta zaɓi inda za ta ajiye su.

Jiki ya ci gaba da tafiya, muka daina fita. Wata Alhamis, lokacin ko zama ba ta iyawa sai an tokare ta da filo, ke kina asibiti wajen jarrabawa, Anas yana makaranta, ta buɗe ido bayan la'asar.

"Yau ba ma dubo mara lafiyarmu?"

Na ce zan shigo da rediyon ɗaki, in sa shi can ƙasa-ƙasa, ba wanda zai ji.

"Na yi shekaru ina riƙe da ladabin nan, sai yanzu da na kusa zama maƙwabciyar Manzon Allah zan zubar? Ɗauko makulli."

"In abin ya zo muna waje fa? Duk abin da kika ƙi Jamus saboda shi?"

"Sai ka yi sauri. Ba aikinka ne sauraron numfashi ba?"

Na ɗauke ta a hannu na kai mota, ba ta fi nauyin buhun auduga ba. Na sa ƙaramar tukunyar iska a ƙafarta. Muka wuce Bi'ir Ali, muka wuce allon, ina wucewa na taka birki a gefen titi, ban kai bishiyar ba. Ta kalle ni ta gefen ido ta ce matsoraci. Na saka kaset ɗin goge, wanda na fara kunna mata a Zariya. Rana ta yi sanyi a kan duwatsun, motocin alhazai suna ta wucewa, ta rufe ido tana bin kiɗan da yatsa a kan gwiwarta.

"Haruna."

"Na'am."

"Nafisa za ta daɗe tana fushi da kai. Halina ta ɗauko, ka ƙyale ta." Ta huta. "Nafisa. Ka ji daɗin sunan? Ni na zaɓa, ban more shi ba."

Ba a jima ba na ji numfashin ya canja. Ya fara tsallake, ya ja ya tsaya, tsayuwar tana tsawo. Na san wannan sautin, na sha jin sa a wajen kan mutane. Na tayar da mota, sai a lokacin na tuna titin a rabe yake da shinge, ba a juyawa sai an kai gada can gaba. Wato kafin in koma Madina sai na ƙara nisa da ita. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina gudu ina salati, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a wuyan hannunta, gogen yana ta tafiyarsa a natse kamar ba abin da ke faruwa. Na hau gadar, na juyo, na ratsa tsakanin manyan motoci ana yi mini hon. Da na hango allon na ƙara wuta, muna wuce shi na ce da ƙarfi:

"Mun shigo, Rakiya. Mun shigo."

Na ɗauka ba ta ji. Sai na ga hannunta ya taso a hankali, ido a rufe, ya lalubi madannin ya kashe kaset ɗin. Kiɗan yana tsakiyar hawa, bai juyo ba tukuna.

"Mun bar shi a hanya," na ce.

"Ka dawo ka kai shi gida," in ji ta. "Ka zo da ita."

Ba ranar ta tafi ba. Allah ya ara mana wasu kwanaki, ta cika a ɗakinta a Ƙuba da hantsi, ina wajen kanta, ke kina riƙe da hannunta, Anas yana karanta mata Yasin. Bayan azahar aka yi mata salla a Masallacin Annabi, kafin la'asar tana Baƙi'a. Haka ake yi a garin nan, ba a jiran kowa. Da ko Jidda na je a ranar, da na dawo na tarar an rufe ta. Ta sami abin da ta roƙa, kin ci jarrabawarki, ni kuma na riƙe fushin. Ta ce kada in faɗa tana raye, ba ta ce har abada ba. Na sha shirya maganar in zo bakin ƙofarki, sai in rasa ta inda zan fara. In ce miki ni da uwarki mun yi shekaru muna zuwa bayan gari muna jin kiɗa kamar saurayi da budurwa? Sai in tambaye ki aiki in wuce.

To yanzu kun san abin da ke cikin motar. Kaset ɗin yana nan a inda yatsanta ya tsayar da shi, ban taɓa shi ba. Wani bakanike ɗan Chadi a Al-Ranuna yana zuwa lokaci-lokaci ya duba batir ya tayar da injin, yana ganin ni ma na ruɗe, kamar yadda Anas ke gani. Da ina da ido na so in je ni kaɗai, na sha kaiwa Bi'ir Ali in juyo, don ba haka ta ce ba. Yanzu kuma hawan jinin ido ya ƙwace mini tuƙi, na bi sawun Baban Ashirin ta nan ma, da tana nan da ta yi mini tsiya.

Anas, ka yi haƙuri da baladiyya na ɗan lokaci. Nafisa, makullin yana cikin kwanon silba a kan firij, inda take ajiye shi. Ranar Alhamis bayan la'asar zan sa hulata in fita in zauna a kujerar Ummanku. Ba sai kin yi mini magana a hanya ba. Ki dai gaya mini in mun wuce allon, don ni yanzu ba na ganinsa.